Gaisuwar da Na Yi wa Baffa Daga Kan Babur

Na sayi babur ɗin ne daga hannun wani Baturen jirgin ƙasa da zai koma ƙasarsu, shekaru kaɗan bayan an gama yaƙin Jamus na farko. A lokacin ina akawu a ofishin kaya na tashar jirgi, ina zaune a Tudun Wada, ban kuma yi aure ba. Tun a wancan zamani tsohon inji ne, amma Baturen ya riƙe shi da kyau, ni ma haka na riƙe shi. Wajibi ne in bayyana wani halinsa tun yanzu, domin wanda baburan yau kaɗai ya sani ba zai fahimci abin da ya biyo baya ba. Ba a taka shi ya tashi, ba ya kuma tsayawa da rai. Da zarar ka tsayar da shi, ya mutu. In kana so ya tashi, sai ka riƙe kansa ka yi ta gudu kana tura shi, har ya yi tari ya kama, sa'an nan ka yi tsalle ka hau yana tafe. Ranar da ya ga dama, sai ka tura shi sau uku kafin ya amsa.

Hanya ɗaya ce tak daga gidana zuwa tasha wadda babur zai iya bi, sauran duk rairayi ne da kwazazzabai. Wannan hanya kuwa ta ƙofar gidan Baffa ta bi.

Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun mahaifina ya rasu ina ɗan shekara shida. Sana'arsa aikin riga: shi ke zana aska a wuyan babbar riga, ya bi ta da allura da zare har ta fito. Aiki ne na ido, saboda haka kullum da hantsi a ƙofar zaure yake shimfiɗa tabarmarsa, inda haske ya fi kyau. Shi ne kuma ya yarda aka sa ni makarantar mishan, a zamanin da yin haka abin magana ne. Dattawan unguwa sun same shi sun ce yaron zai lalace, zai manta da salla, zai raina manya. Baffa ya amsa musu a gaban jama'a cewa zan dawo da sallata, zan kuma dawo da ladabina, in ban dawo da su ba a tuhume shi. Wannan magana kowa ya ji ta a unguwar, kuma mutanen Tudun Wada ba sa mantuwa.

Sallar dai na dawo da ita. Ladabin ma na riƙe shi shekaru. Kowace safiya, in na zo wucewa a ƙafa, nakan cire takalmi, in durƙusa a bakin tabarmarsa, in tambayi kwana da gajiya da iyali. Shi kuma ba ya ɗaga kai daga ɗinki, sai ya ce, "Ɗan nan, an fito? Allah ya ba da sa'a." Haka yake kirana, ɗan nan, ko da na fara gemu. A ƙa'idarmu, ko a kan doki kake, in ka iso gaban wanda ya haife ka, sauka kake yi. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini wannan, kamar yadda ba a koya wa mutum cin abinci da hannun dama sau biyu.

Makon farko da babur na tsaya kowace rana. Na sauka, na jingine shi, na durƙusa, na gaishe shi. Matsalar tana wajen tashi. Ga ni cikin farin wando da farar taguwa masu sitaci, ina gudu ina tura ƙarfe, gumi yana zuba, mutane sun tsaya suna kallo. Akwai wani wanzami da ke zama a gindin ɗorawa daura da gidan, abokin Baffa ne, bakinsa ba ya hutawa.

"Akawu," in ji shi, "wai kai ka sayi abin nan ko shi ya saye ka? Jakina ma ba na tura shi haka."

Rana ta biyar ya ce, "A kawo masa dusa mana, wataƙila yunwa yake ji." Har Baffa sai da ya murmusa.

A makon nan na makara sau biyu. A makaranta an koya mana cewa ƙarfe takwas ƙarfe takwas ne, kuma tun da na kama aiki ban taɓa isa bayan shugaban ofis ba. Da na makara na biyu, shugaban, wanda shi ma Bature ne, agogonsa kawai ya ciro ya duba, ya mayar aljihu. Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Ranar Litinin da ta biyo baya, da na hango tabarmar Baffa, sai na rage gudu, ban tsaya ba. Na ɗaga hannun dama kamar yadda na ga Turawa suna yi wa junansu, na ce, "Ina kwana, Baffa!" Ƙarar injin ta cinye maganar. Na ga ya ɗago kai, allura a hannu. Na wuce. Na isa ofis saura minti goma, kayana fes.

Na san akwai mafita. Da na riƙa fitowa da wuri da kwatan awa, da na gaishe shi yadda ya kamata, na tura babur ɗina, na isa a kan lokaci. Na san haka tun a ranar. Abin da ban so ba shi ne dariyar wanzami. Ina rubuta wannan ne domin kada wani ya ɗora wa ofis ko Bature laifin da ba nasu ba.

Na yi kwana takwas ina ɗaga hannu. A rana ta tara na tarar ba tabarma a ƙofar zaure. Kashegari ma haka. Abin da na ji a raina shi ne sauƙi, kuma ina jin kunyar faɗar haka har yau. Na ce wa kaina wataƙila rana ce ta fara damunsa. Lahadi ce ranar hutunmu, da can a gidansa nake yini, amma yanzu babur ya karɓe ta: wanki, shafa mai, ɗaure abin da ya kwance, sa'an nan ɗan zagaye zuwa Gyallesu don a ji lafiyar inji. Nakan leƙa gidan jefi-jefi da yamma, in gaisa a tsaitsaye. Haka damina ta shiga ta fita.

Wata Lahadi da la'asar ina tsugune ina goge ƙafar babur, sai ga Inna, matar Baffa, wadda ta yi mini wanka ina yaro. Ba ta taɓa zuwa gidana ba. Na miƙe da sauri zan ɗauko mata tabarma.

"Bar shi," in ji ta. "Ci gaba da yi wa amaryarka wanka. Ita ma tana da hakki."

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. Na zo ne in ga abin da ya fi Baffanka. To, na gani. Baƙi ne, kuma yana wari."

Ta gyara mayafinta, ta ce, "Ka san inda yake ɗinki yanzu?"

"Na ga ya daina fitowa."

"Ka gani, ka kuma yi shiru. A cikin zaure yake, can ƙurya, inda ko ni ba na iya tsince tsakuwa a shinkafa. Wata biyar ke nan. Idonsa ruwa yake yi. Shekaranjiya ya warware aikin mako biyu, don ya bi zane ba daidai ba, mutumin da ake kawo wa riga daga cikin birni."

"To, me ya hana shi fita?"

Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. "Kai da aka ce ka yi karatu. In yana waje ka wuce, kowa ya ga ka wuce shi. In ba ya nan, wa ka wuce? Ƙofa ka wuce. Ba kansa yake ɓoyewa ba, kai yake rufa wa asiri."

Kashegari na bar babur a gida, na fita tun da sassafe a ƙafa. Na yi sallama a zaure. Sai da idona ya saba da duhun sa'an nan na gan shi, ya kusa manna fuska da rigar da ke cinyarsa. Na cire takalmi na durƙusa.

"A'a, Malam," in ji shi. "Tashi, kada wandonka ya ɓaci."

Ban taɓa jin wannan kalma ta Malam daga bakinsa a kaina ba. Ya ɗaga murya ya ce wa Inna ta miƙo kujera. A gidan ba kujerar zaman maza, sai ta tsakar gida wadda take zama a kai in tana tuƙa tuwo. Ita aka kawo. Na ƙi hawa, ya ƙi ci gaba da magana sai na hau. Haka na zauna sama da shi, yana ƙasa.

Na ce, "Baffa, na yi kuskure. Ka koma waje, don Allah. Daga yau kullum zan tsaya."

"Nan ma da haske."

"Babu haske, Baffa."

"Ya ishe ni." Ya laluba ya sa zare a allura, sai a karo na huɗu ya shiga. "Aikinku na agogo ne, na sani. Ban ce ka yi laifi ba. Hanzarta, Malam, kada a jira ka."

Daga ranar na riƙa fitowa da wuri. Nakan kashe babur tun daga nesa, in turo shi da hannu har ƙofar gidan, in shiga in gaishe shi. Ban fasa ko rana ɗaya ba, kuma wanzami, da ya ga yadda abin ya koma, bai sake yi mini ba'a ba. Amma Baffa bai koma waje ba, kujerar nan kuma kullum tana jirana a zaure. Na gane daga baya cewa tsoro yake ji kada ya fita, wata rana in sake wucewa. Bai yarda ya sake sa maganarsa a hannuna ba. Cikin shekara biyu ya ajiye allura gaba ɗaya. Ba zan ce duhun zaure kaɗai ne ya ci idonsa ba, domin shekaru ma sun yi nasu, kuma ni ba likita ba ne. Amma na san wata biyar na farko alhakina ne.

An sha tambayata ko na yi nadamar sayen babur ɗin, musamman samari masu shirin sayen nasu. Ba na son amsar da ba daidai ba. Injin bai cuce ni ba. Ya yi mini aiki shekara shida, ya kai maƙwabcina asibiti ranar da maciji ya sare shi, kuma wanda na sayar wa ya more shi bayana. Sai dai kafin in saye shi ban san cewa ina iya wuce Baffa ba, shi ma bai sani ba, kuma da mun mutu ba mu sani ba da ya fi mana.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na je da rana na zauna a ƙasa kusa da gadonsa. A ɗakin ba wanda ya kawo kujera. Na kama hannunsa, duk yatsun sun yi kanta saboda allura, na ce ya yafe mini abin da na yi masa. Inna tana bakin ƙofa tana jin mu. Na ƙudura a raina cewa in ya kira ni yadda yake kirana da, to, an gama.

Ya matsa hannuna kaɗan.

"Ba ka yi mini komai ba," in ji shi. "Na yafe duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini, Malam."

Na ce na yafe. Ya rasu bayan kwana uku.