Jeren da Muka Yi a Bayan A-kori-kura

Tun ina budurwa a Kano na san irin motar da za a zo ɗaukata da ita. Littattafan soyayyar da nake haya a kasuwa sun gama nuna min ita: baƙa wuluk, mai duhun gilashi. Za ta tsaya a hankali, takalmi mai sheƙi ya fara fitowa, sai ƙamshi ya biyo baya, sannan mutumin. Da Allah ya tashi kawo nawa mijin, a motar bas ya zo. Har yau kuma ita yake tuƙawa, sai dai ta yanzu ja ce mai hawa biyu, a London.

Ba mu taɓa fita yawon amarci ba. Ana gama biki ya koma bakin aiki, yara suka zo, suka girma a gidanmu na Barking, suka watse jami'o'i. Na riga na haƙura. Sai wata Juma'a, mun fito daga masallaci a gefen Regent's Park, ya tsaya yana gyara hularsa ya ce, "Hajiya, zan kai ki bakin teku. Mu biyu. A gidanmu mai taya."

Na dafa bishiya don kada in faɗi. A littafi a nan ne jaruma take lumshe ido, ni ma na lumshe, har wani mai keke ya buga min ƙararrawa.

Ashe ya samo wata tirelar kwana a gonar wani tsohon Bature a bayan gari, mai ɗaki da kicin da banɗaki. Tsohon ya yarda ya ajiye mana ita zuwa Asabar ta sama, domin akwai wani da yake jira. A Asabar ɗin kuma hutun maigida zai fara, in ya wuce sai baɗi. Abin da ya rage shi ne motar da za ta ja ta.

Muka je wajen masu sayar da a-kori-kura. Ina shiga na hango tawa: ja, mai ƙofa huɗu, tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Na tsaya a jikinta na karkata gyale yadda iska za ta kama shi. Na waiga in ga ko ya lura, sai na hangi ƙafafunsa kawai, sauran jikin yana ƙarƙashin wata fara mai ƙofa biyu, wadda ta yi kama da ta raba burodi.

"Malam, ga ta nan fa!"

"Bayanta gajere ne," in ji muryarsa daga ƙasa.

"To ai ni ma gajeriya ce, ka aure ni."

"Ke ba tirela za ki ja ba."

Ya fito yana karkaɗe riga, ya buɗe ƙofar farar, ya duƙa yana karanta wani ɗan rubutu a jikin ƙarfen, wai a nan ake faɗin nauyin da mota za ta iya ɗauka. Can ya ɗago ya dube ni, kallo mai tsawo, irin wanda na shekara ina jira.

Ya ce, "Tukwanen nan naki, duka za ki tafi da su?"

"Duka."

"Turmin fa?"

"A bakin teku ba a daka yaji ne?"

Ya yi ajiyar zuciya ya ce to lallai farar ce. A hanyar gida ya yi ta bayani a kan ƙafafun baya da birki da yadda ake shan kwana. Ni kuwa furfurar gemunsa nake kallo, ina tunanin yadda iskar teku za ta yi wasa da ita.

Titinmu gidaje ne manne da juna, babu wurin fakin. Sai maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Kirista 'yar Jos da duk layin ke ce wa Mama, ta ba mu filin bayan gidanta. Washegari na je wai in wanke motar. Na hau bayan motar na tsaya. Fili ne dogo, fetal, babu komai a ciki. Ni duk tirelar da na taɓa gani a baya ake maƙala ta, kamar jela. Wannan fili kenan ba shi da aiki. Kuma 'yar Kano ba ta iya ganin ɗaki babu kowa ta wuce.

Na leƙa ta katanga na ce, "Mama, zo ki ga ɗakin amarya."

Ta zo ta riƙe ƙugu ta duba. "'Yata, wannan ai jere yake so."

A makon nan maigida yana aikin wuni, bai san me ake ciki ba. Muka shimfiɗa kafet ja, tunda an hana ni jar mota. Mama ta ce iskar hanya za ta ɗauke shi, don haka muka liƙe shi da gam, muka hau muna tattakawa, tana waƙar cocinsu ina amsa mata da ta biki. Muka kafa sandunan labule a kusurwoyi, muka rataya leshi mai ruwan zuma. Matasan kai masu zanen zuciya, fitilu ƙanana, ɗan teburin shayi. Na kunna turaren wuta har wani maƙwabci ya leƙo ta taga yana tambaya ko a kira 'yan kwana-kwana. A raina na gama tsara komai: rana na faɗuwa cikin ruwa, ni a kan matashi, shi yana faɗin maganar da bai taɓa faɗa ba. Da muka gama muka lulluɓe da tamfol.

Ranar Juma'a ya ce ya kama layi a garejin wani ɗan Zango na Gana, wanda zai ɗaura ƙarfen jan tirela. Na ce zan raka shi. Ya tambayi tamfol ɗin, na ce saboda tantabaru.

A garejin na ga ƙarfen a ƙasa: wani ƙaton faranti baƙi, mai baki a tsage kamar kofaton doki, ya sha giris. Na ce a raina, Allah sarki, wannan a can ƙasan baya za a ɓoye shi. Maigida ya ja tamfol.

Leshi ya ɗan motsa. Ƙamshin turare ya tashi ya rufe warin man inji.

Ɗan Zango ya cire hularsa. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, sai ya dube ni ya ce, "Hajiya, kai ka yi wannan? Wallahi ya yi kyau. Wa za a aura?"

"Ni," na ce.

Maigida ya zauna a kan wata tsohuwar taya. "Hajiya, a nan ƙarfen zai zauna."

"A ina?"

Ya nuna tsakiyar kafet, daidai inda teburin shayi yake.

"A matsar da shi gefe mana."

"Ba ya matsuwa. Sai a saman ƙafafun baya."

Ɗan Zango ya haɗa hannuwansa yana nuna min. Wai irin wannan tirela ba jela ba ce. Gabanta a ɗage yake, yana hawowa kan bayan motar ya rufe shi, wani turken ƙarfe ya shiga bakin farantin ya kulle. Shi ya sa ake son baya mai tsawo, don in an sha kwana kada goshin tirela ya fasa gilashin direba.

"Ai na faɗa miki a mota," in ji maigida.

"Gemunka nake kallo."

Ɗan Zango ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Maigida bai yi faɗa ba. Ya miƙe ya zagaya motar, ya taɓa leshin, ya ɗauki matashi ɗaya ya jujjuya. Ya ce, "In kina son ɗakinki a haka, a bar shi. Sai in kira tsohon in ce ya ba wancan mai jiran. Mu dinga shan shayi a bayan gidan Mama."

Na dubi kafet ɗina, na dubi baƙin farantin. Na tuna bayan gidan Mama, da kwandunan shara, da maƙwabcin taga. Na ɗaure gyale a ƙugu na ce a ba ni wuƙa.

Gam ɗin Mama ba na wasa ba ne. Mu uku muka ja, kafet ya ƙi. A ƙarshe tsakiyar kawai muka yanke, aka huda ƙarfen motar aka ɗaure farantin. Sauran kafet yana nan har gobe. Ban ji akwai wata a-kori-kura a ƙasar nan da ƙarfen janta ke zaune a kan jar shimfiɗa kamar ango ba.

Ranar Asabar muka isa gonar da hantsi. Maigida ya yi ta yin baya a hankali, ni ina ba shi hannu, duk da ban san abin da hannun nawa yake faɗa ba. Goshin tirela ya hau kan ɗakina ya rufe shi ruf. Na ji ƙarfe ya ce ƙwas. Idona ya ciko.

Ya kama hannuna ya ce in zo in ga ciki. Muka wuce kicin, muka hau wasu 'yan matakala. Ga gado, ga taga, a cikin goshin nan da ya ɗago. Ya buga ƙafa a ƙasa ya ce, "Kin san me ke ƙarƙashin nan? Kafet ɗinki. Ɗakin naki ne aka ɗaga sama. Ba kullum kike cewa jarumar littafi a gidan bene take ba?"

Ban taɓa sanin yana ji ba.

Na rataya leshin a tagar tun kafin mu bar gonar. A bakin teku ruwan sama muka tarar, ranar ma ba ta fito ba balle ta faɗi. Muka zauna a benen muna shan shayi, labule na motsi. Ya daɗe yana kallona, na lumshe ido ina jira.

Ya ce, "Hajiya, kin taho da turmin nan, ko? Tun daga Barking nake jin sa a birki."