Yakuwa a Fasasshiyar Randa

A shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, maigidana ya tafi cin rani tun kafin a gama tattara ɗan abin da gona ta bayar. Ya bar ni a Gaya da yara biyu da mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke kira Inna. Ba ta da lafiya, abinci ba ya shiga bakinta. Kullum abin da take ambato shi ne miyar ɗanyar yakuwa, ni kuwa ko ganye ɗaya ban san inda zan samo ba.

Maƙwabciyarmu 'yar Gafasa ce, aure ya kawo ta unguwarmu. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. Wata rana ta shigo duba Inna, sai ta hango fasasshiyar randa a jingine a bayan ɗaki. Ta ce a gidansu cikin irin wannan mahaifiyarta take shuka barkono da yakuwa, ko da rani. Na gaya mata gaskiya ban taɓa shuka komai ba. A gidan malamai na tashi, allo na sani da tawada.

Washegari ta zo da iri a ƙulle a haɓar zaninta. Ta huda gindin randar, ta jera gutsattsarin kasko a ciki, sannan ta nuna mini yadda zan cakuɗa ƙasa da yashi da busasshen takin awaki. Muka cika randar, muka ƙara da wani tsohon kwano da tsatsa ta cinye.

Shukar farko ruɓewa ta yi, saboda na cika mata ruwa don ɗoki. Ta biyu ta tsiro, kaji suka tone ta. Na zauna a bakin murhu na yi ta kuka. Yaya ba ta yi mini faɗa ba, ta kawo ƙaya ta kewaye randar, ta zazzage sauran irin a tafin hannuna.

"Wannan ne ƙarshensa," in ji ta. "Ki riƙa sa yatsa a ƙasar. In da danshi, ki ƙyale ta."

Ta uku ta kama. Sai dai a lokacin rijiyar unguwarmu ta fara ja da baya, guga na fitowa da laka. Na koma tarar ruwan alwala a ƙwarya, da na wankin tsaba, ina zuba wa shukar da yamma. Da abin ya ƙara tsananta, yaran suka fara bin ƙwaryar da ido. Nakan tsaya da ita a hannu na rasa wanda zan bai wa.

Ana cikin haka mijin Yaya ya ce za su koma wajen danginsa a Ajingi, wai can da sauran ruwa. Ta shigo sallama a gurguje, ta duba shukar, ta ce na yi haƙuri na bar ta ta ƙara girma. Ba a jima da tafiyarta ba ganyen ya fara yin ruwan ɗorawa yana nannaɗewa. Ko ƙishi ne, ko tsutsa, ko takin ne ya yi yawa, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya. Na ja randar inuwa, na mayar da ita rana, duk ɗaya.

Da na ga za ta mutu mini a banza, sai na tsinke ɗan abin da ya rage, bai cika tafin hannu biyu ba. Na yi miya a ƙaramar tukunya, na kai wa Inna da tuwo mai laushi. Na tallafe ta, ta yi loma biyu, ta daɗe tana juya ta a baki.

"Ta yi daɗi, 'yar nan," in ji ta. "Maƙogwaron ne ya ƙi. Ba wa yara."

Suka cinye, har da suɗe kwanon. Inna ta rasu kafin ruwan farko ya sauka. Saƙon da muka aika bai sami ɗanta da wuri ba, sai bayan sadakar bakwai ya iso gida.