Sulken Rashida a Kan Sikelin Malam Haruna

Shekara ashirin da bakwai Malam Haruna yana awon tsohon ƙarfe a wani fili bayan Ƙofar 'Yandaka, kuma ba a taɓa kama shi da tauye ko rabin kilo ba. Ba shi da mota, ba shi da bene, wannan sunan ne kaɗai abin taƙamarsa. In gardama ta kaure tsakanin 'yan gwangwan, wurinsa ake zuwa. Zai ɗaga abu da hannu, ya ɗan lumshe ido, ya faɗi nauyinsa, a ɗora a sikeli a tarar haka ɗin ne. Amma fa sai ya ɗaga. Abin da hannunsa bai taɓa ba, ko za a yanka shi ba ya faɗin nauyinsa.

To, wannan mutumin ne 'yarsa Rashida ta kawo wa takarda wata Asabar da hantsi. Ɗaliba ce mai shekara goma sha tara, gwanar zane tun tana ƙarama. Ta ƙirƙiro wani jarumi mai sulken ƙarfe daga kai har ƙafa, da batir a gadon baya, da wuta a tafin ƙafa wadda ke cilla shi sama da hasumiyar Gobarau. Za a buga labarin a ɗan littafin gasar makarantarsu, an kuma ce kowa ya rubuta nauyin kayan jaruminsa.

"Baba, kai ne gwani. Kilo nawa zai yi?"

Ya juya takardar, ya sake juyawa. "Ɗiyata, takarda kika ba ni. Mi zan ɗaga a nan?"

"Ƙiyasi kawai za ka yi."

"Ni ban iya wannan ba. Ba ni kwana ukku."

Kwana ukun nan ya sha wahalar da ba wanda ya aike shi. Ya yanko ƙirji daga ƙofar tsohuwar mota, ya lanƙwasa bututu ya yi hannuwa da cinyoyi, ya sare kan tukunyar gas ya ce kwalkwali ne. Tunda dole wani abu ya motsa gaɓoɓin, ya tara injin fanka goma sha biyu, ya haɗa da batir biyu na babbar mota. Masu kawo kaya suna tsaye a rana suna tsaki, shi kuwa yana can tsugune yana gwada gwiwar mutumin da ba a haifa ba. Zakari, maƙwabcinsa a sana'a, kullum sai ya leƙo ya ce, "Malam, wane gari za a ci da yaƙi?" Da Malam Haruna ya kammala, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ya ce ɗari da hamsin da takwas. Sikeli ya ce ɗari da sittin. Har kilo biyun nan sai da suka ɓata masa rai.

Rashida na jin adadin fuskarta ta canza.

"Baba, ai ba zai tashi sama ba."

"Sama? Ko daga tabarma ba ya tashi."

"Ƙarfen nashi ba irin naku ba ne. Na zamani ne, mara nauyi."

"To kawo shi in ɗaga."

"Babu shi! Labari ne hwa!"

Ya haɗiye fushi ya nemi sulhu. Ya ce a yi shi da irin ƙarfen da ake narkawa a zuba tukwane, ƙila nauyin ya ragu. Ta ce haba, jarumin nata ne zai fito sanye da tukunya? Ta naɗe takardarta ta yi gida. Abin ya ci masa rai ƙwarai, domin iyakar abin da ya iya ne ya ba ta, sai ga shi ya zama laifi.

Bayan mako biyu ta shigo filin tana haki, bakinta har kunne. Ta zo ta biyu a gasar. A gaban 'yan gwangwan ta buɗe shafin ƙarshe ta miƙa wa Zakari, shi kuma da yake ya yi boko, ya karanta da ƙarfi:

"Nauyin sulke: kilo ashirin da biyar. Wanda ya auna: Malam Haruna mai sikeli, Ƙofar 'Yandaka."

Kowa ya waiga ya dubi tulin ƙarfen da ke jingine da katanga. Batir ɗaya kaɗai ya fi haka. Dariya ta ɓarke, wani har da riƙe ciki.

Malam Haruna ya ji kansa ya yi zafi. Maganar ta zo masa har baki: ki je ki goge, ni ban auna haka ba.

"Na sa sunanka ne don kowa shi san ko waye ubana," in ji Rashida, tana kallonsa tana jira.

Ya daɗe yana duban fuskarta. "Guda nawa aka buga?"

"Ɗari ukku, Baba. Har an rabar."

Ya nemi benci ya zauna, ya karɓi littafin da hannu biyu.

"Allah shi yi maki albarka," ya ce.