Haƙarƙarin Yaya

Ranar da na fara zuwa koyon kareti, naushi uku aka yi mini a ciki da gaske, ba da wasa ba. Kwana huɗu ina yin ruku'u da ƙyar. Amma a kamfanin roba da nake aiki a Sharaɗa, duk wanda ya tambaye ni dalilin da nake tafiya a karkace, da alfahari nake ba shi labari.

Wani tsohon sito ne muke atisaye a cikinsa, a bayan wata masaƙa da ta daɗe da rufewa. Rufin ya huje, tantabaru sun mamaye sama, ƙasa kuwa siminti ne tsurarsa. Yawancinmu ma'aikatan kamfani ne, muna tashi daga aikin safe, mu yi la'asar, mu taru. Mai koyar da mu tsohon mai gadi ne, gajere, mai kaurin wuya, kowa Masta yake ce masa. Dokarsa ɗaya ce ga duk sabon zuwa: zai tsaya ya ɗora hannuwa a ka, wani tsohon ɗalibi ya doke shi sau uku.

"Ɓarawon waya ba zai tambaye ka ko yau ka fara ba," haka yake cewa. "Gara ka ji zafin a nan."

Na yarda da wannan magana har zuciyata, na kuma riƙa maimaita ta kamar ni na ƙirƙiro ta.

Ina da wata takwas a wurin sai aka tare yayan matata a hanya. Yaya nake ce masa. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, ɗan dako ne a wani kamfanin jimar fata a Challawa, yana haya a Zawaciki, iyalinsa kuma suna ƙauye a Jigawa. Mutum ne mai sanyin magana, bai iya musu ba. Wasu samari biyu suka tare shi bayan an tashi daga aiki, suka ƙwace masa waya, suka yanke shi a hannu. Da ya zo gidanmu a Ɗorayi da bandeji, ba raunin ne ya fi damunsa ba.

"Ko motsi ban yi ba," ya ce. "Ina ɗaukar fatu jiƙaƙƙu tun safe har yamma, amma yara biyu suka sa jikina ya mutu."

Ni na ce masa ya zo wurinmu. Bai roƙe ni ba, ni na matsa. Na ce cikin wata uku babu mai iya tare shi. Matata tana zuba mana abinci ta ce, "Yaya fa ba yaro ba ne." Na ce mata ai ƙarfinsa ya fi nawa. Abin da ban faɗa musu ba shi ne yadda ake karɓar sabon zuwa. Na san idan na faɗa, ba za ta bari ba.

Ranar Asabar ya zo, da wandon ƙwallo na aro da ya yi masa kaɗan. Ya gaida Masta da hannu biyu. Masta ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye ni ko wane ne, na ce yayan maiɗakina ne.

"To madalla. Kai za ka karɓe shi."

Na ce, "Masta, ku yi haƙuri, surukina ne."

"A nan babu suruki. Hannu a ka, malam."

Yaya ya ɗora hannuwa a ka yana murmushi, don bai san me ke tafe ba. Na kai masa naushin farko a ciki, a hankali, kamar mai kakkaɓe ƙura. Wurin ya fashe da dariya. Masta bai yi dariya ba. Ya ce in dai haka zan yi, in koma gefe, zai kira wani. Wanda ya nuna wani ƙaton direban tirela ne da na taɓa gani ya sumar da mutum. Shekaru da yawa ina gaya wa kaina cewa tsoron direban nan ne ya sa na yi abin da na yi, don in tsare Yaya daga hannunsa. Ba gaskiya ba ne duka. An kusa yin jarrabawar canjin ɗamara, wato ta ƙarin matsayi a kareti, kuma ba na so a yi mini dariya karo na biyu.

Naushi na biyu na sake shi da ƙarfi. Murmushin ya ɓace, amma bai sauke hannu ba. Na uku Masta ya ce da ƙafa. Na juya na kai masa shuri a gefen dama. Yaya bai san ana ɗaure jiki a fitar da numfashi ba, babu wanda ya koya masa, ko minti goma bai yi a wurin ba. Na ji wani abu ya ba da kai a ƙarƙashin ƙafata. Ya durƙusa a hankali, ya dafa siminti da hannu ɗaya. Aka yi tafi. Masta ya ce, "Yanzu ka shigo."

A hanya na tambaye shi jiki. Ya ce, "Ba komai, ai haka abin yake, ko?" Na ce haka yake, ni ma haka aka yi mini.

Litinin ya je aiki. Talata ma ya je. Laraba ya sunkuya zai ɗaga fata, numfashi ya ɗauke masa, abokan aikinsa suka kai shi asibiti. Hoto ya nuna haƙarƙari biyu sun tsage. Likita ya ce babu ɗaukar kaya sai bayan mako shida. Shi kuwa ma'aikacin wucin gadi ne, irin waɗanda ake zaɓa a bakin ƙofa kowace safiya. Kafin mako ya zagayo wani ya tsaya a gurbinsa.

A ɗakinmu na waje ya yi jinya. Ya gaya wa ƙanwarsa cewa daga babur ya faɗo. Ina zaune ya faɗi haka, bai ko kalle ni ba, ni kuma na sunkuyar da kai. Tari ma sai ya rungume matashi yake yi. A zaune yake salla. Ita tana gasa masa wurin da ruwan zafi tana zagin ɗan acaɓan da babu shi.

Na je na sami Masta na gaya masa. Yana naɗe igiyar tsalle, bai ma daina ba.

"Allah ya ba shi lafiya. In ya warke ya dawo."

"Masta, aikinsa fa ya tafi."

"Ni na kore shi? Wanda zai zauna zai zauna. Kai ba ga ka nan ba?"

A ranar na fara tuno mutanen da suka zo sau ɗaya ba su sake dawowa ba. Suna da yawa, sun ninka mu da muka zauna. Raggwaye muke ce musu, ban taɓa tambayar yadda ɗayansu ya kwana ba. Duk da haka ban bar wurin ba sai bayan wata uku, bayan na karɓi ɗamarar. A cikin watannin nan na karɓi wasu sababbi biyu.

Yaya ya warke, ya yi ta zarya bakin kamfanoni a Challawa da Sharaɗa, ba a ɗauke shi ba, don ana gani yana kare gefensa idan zai ɗaga abu. Da damina ta faɗi ya tattara ya koma ƙauye.

Bayan shekara biyu na samu aiki a Bompai. Akwai wani fili a Nassarawa da nake wucewa ta gefensa, wani dattijo yana koyar da irin wasan. Wata rana na tsaya kallo. Sababbin ɗalibansa faɗuwa kawai suke koya a kan katifa, da yadda ake tsayuwa, da numfashi. Na tambaye shi yaushe suke fara shan duka. Ya ce sai sun iya karewa, kuma da sulken roba a ƙirji. Na kalli manyan ɗalibansa suna gwabzawa. Ko ɗaya daga cikinsu zai kayar da ni cikin minti guda. Ashe dukan bai ƙara mana komai ba. Mu dai mun jure ne, muka ɗauka juriyar ce ilimi.

Da babbar salla na je ƙauye na same shi a gona, na nemi gafararsa. Ya jingina da fartanya.

"Na yafe maka," ya ce. "Da dai ka gaya mini tun a gida, da na san abin da na zo yi. Kuma kada ka gaya wa ƙanwata, a bar maganar."

Ban gaya mata ba har yau. Duk sanda ya yi huɗa mai tsawo gefen yana tashi, sai ya kwana biyu a kwance, ita ce take aika masa da man zafi.

Bara na haɗu da Masta a wurin wani ɗaurin aure a Sharaɗa. Ya yi furfura, amma wuyan yana nan. Ya gane ni, ya riƙe hannuna yana fara'a, ya ce har yanzu suna nan a siton, ɗalibai sun ƙaru.

"Ina wannan surukin naka mai raki?" ya tambaya.

Na daɗe ina shirya abin da zan gaya masa idan mun haɗu. Mutane suna kewaye da mu, ana rabon goro. Na rusuna na ce, "Yana nan lafiya, Masta."