Indararon Taubashin Baba

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu na Bungudu da gidan taubashin mahaifina. Indararon soronsa ya leƙo ta kan katangar, duk ruwan da ya sauka a rufinsa sai ya zuba a gindin ɗakin Inna, mahaifiyata. Ɗakin na ƙasa ne. Damina uku ana haka, har bangon ya fara tsagewa.

Baba ya yi magana ba sau ɗaya ba. Matsalar ita ce, tsakanin taubasai kowace magana wasa ce. Idan ya ce, "Malam, indararonka zai kayar mini da ɗaki," sai ya ji, "Ruwa nake ba ka kyauta, bawana, ko godiya babu?" Kowa ya yi dariya, har Baba. Inna kaɗai ba ta yi, don ita ke kwana a ɗakin.

Ita ta matsa aka kai ƙara. Alƙali ya aiko aka duba bangon, sannan ya ba da umarni a rubuce: wanda ake ƙara ya juya indararon zuwa cikin gidansa kafin kwana goma sha huɗu.

Rana ta goma sha uku na zo daga Gusau, hadari na haɗuwa daga gabas. Na tarar da tsofaffin biyu a gindin tsani. Taubashin na fama da ciwon gwiwa, don haka Baba ya ɗora ƙafa zai hau.

"Sauko!" in ji taubashin. "Ni alƙali ya ce, ba kai ba. So kake a ɗaure ni?"

Na ce masa ko magini ya kira, kotu ba za ta damu ba. Ya ƙi. Haka ya hau, yana nishi, Baba na riƙe da tsanin.

"Riƙe da kyau, bawana."

"In ka faɗo, a gidanka za ka faɗo. Kada ka ƙara mini ɓarna."

Ya cire indararon, ya toshe ramin da laka, ya kafa shi ta ɗaya ɓangaren. Bayan la'asar ruwa ya kece. Inna ta tsaya a ƙofar ɗakinta tana kallon gindin bangon, babu abin da ke zuba a wurin.

Can muka jiyo murya ta bayan katanga: "Na janye kyautata!"

A wannan karon Inna ce ta fara dariya.