Zafin Famfon Keke

Jiya ina yi wa keke iska, famfon ya ɗau zafi a hannuna, sai na tuna malaminmu na fiziks.

A zaurensa na unguwar Kabara ya taɓa ɗora tafina kan famfo, ya ce, "Ka matse iska da sauri, ina zafi zai fita?" Ya rubuta dogon jerin lissafi, ya goge duka sai biyun farko. "Sauran ƙanana ne, waɗannan sun ishe ka."

Har yau raina a ɓace yake. Injiniyoyi nawa ya yaye? Yana jinya ko leƙe ba su yi ba, da ya rasu suka cika waya da hotunansa, ba kunya!

Allah ya jiƙan Malam, ya sanyaya makwancinsa.