Hoton Inna da Dikko a Rugar Tsamiya

Har yau ban manta da ranar da na ɗauki hoton wata dattijuwa da ɗanta na fari a wata ruga kusa da Tsamiya ba. Ku da kuka shigo aikin nan a zamanin waya, bari in fara yi muku bayanin kayan aikin, don ku gane yadda abin ya faru.

Tsohuwar kyamarar da kuke gani a cikin kabad ɗin shagonmu na nan Bagudo, fim mai faɗi take ci. Naɗi ɗaya hoto sha biyu ne kacal, kowanne murabba'i. Ba a ɗora ta a ido. A daidai cikin mutum ake riƙe ta, a buɗe murfin sama, a sunkuyar da kai a duba gilashi, inda dama ke komawa hagu. Ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke fim, kuma mu nan ba mu da wurin wanke mai kala, sai an aika Legas.

Wata damina, wata mai ɗaukar hoto daga Birnin Kebbi, Malama Hadiza, ta ɗauke ni aiki. Tana shirya baje kolin hotuna kan makiyayan bakin iyaka, ta kuma zo da wani irin fim mai rini. Wannan fim da gangan aka yi shi ya sauya launi: ciyawa da ganye su koma shunayya, sama ta koma kore-kore, fatar mutum kuwa ta ɗan yi ja amma ana gane shi. Ita ce mai tsara aiki, ni ne mai riƙe kyamara, saboda na fi ta sabawa da ita kuma ina jin Fulatanci.

Da muka isa rugar, mun tarar ana ɗaure kaya. Magidancin wurin, Dikko, zai ƙetara da shanunsa zuwa ƙasar Benin, wajen Segbana, ba kuma ci-rani ba, zama. Gonaki sun cinye burtalin da suke bi, ba ya son rigima da maƙwabtan da suka tashi tare. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta ce ita ba ta zuwa ko'ina, a nan aka binne mijinta. Za ta zauna wajen ƙanensa.

Muna cikin ɗaukar shanu Dikko ya ja ni gefe.

"Malam, alfarma nike nema. Ka ɗauke ni da tsohuwa. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba."

Na gaya masa gaskiya, cewa fim ɗin da ke ciki mai rini ne, ciyawa ba za ta fito yadda ya san ta ba. Na ce ga waya a aljihuna, ita za ta fi ba shi launi na ainihi.

Ya girgiza kai. "Waya ba ta so. Ta ce da ita aka yawo da huskar mutum kasuwa-kasuwa. Ciyawa kuma ba ita nike nema ba."

Na sanar da Malama Hadiza, tunda fim nata ne, kuma saura biyu a naɗin. Ta ce, "Malam Umaru, yi masa. Shanu ba su ƙarewa."

Wahalar ba a kyamara take ba. Dikko ɗan fari ne, kuma kun san kunyar Fulani. Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta zama kusa da shi, ba ta kallonsa a gaban mutane. Idan za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta daɗe tana duban kyamarar, sannan ta ce in nuna mata yadda ake yi. Na miƙe, na riƙe ta a ciki, na sunkuya.

"Kai ba ka kallon mutum?" in ji ta.

"Ƙasa nake kallo, Inna."

"To, wagga tana da ladabi. Amma wancan ya tsaya can wajen saniya."

Haka aka yi. Ta zauna a tabarma da ƙwarya a gabanta, a kusurwar gilashina ta ƙasa. Dikko ya tsaya nesa a bayanta, ya ba mu gefe, hannunsa a kan tozon farar saniya. Sai da na ja da baya sosai kafin su biyun suka shiga. Na auna haske, na daidaita, na danna na farko. Ita tana duban gaba, fuska a ɗaure.

Na murɗa fim zuwa na ƙarshe. Hadari ya rufe rana, sai na tsaya ina sake saiti, kaina a sunkuye. Ina jin ta zaci na shagala da ƙarfena ne. A cikin gilashi na ga ta juya a hankali, ta ɗora ido a kan ɗanta. Shi bai sani ba, yana shafa saniyarsa. Ban yi shawara da kowa ba, yatsana ya danna. Ta ji ƙarar, ta dawo da fuskarta. Na rufe murfin kyamara.

Dikko ya ƙetara washegari. Fim ya tafi Legas tare da sauran, ya daɗe bai dawo ba. Kafin ya dawo, wajen kaka, zazzaɓi ya kwantar da Inna, Allah ya yi mata rasuwa. Dikko bai samu jana'iza ba, sai gaisuwa ya zo ya koma.

Da hotuna suka iso, Malama Hadiza ta zo shago muka baza su a tebur. Ta kai hannu kan na ƙarshen ta tsaya. Filin duk ya koma shunayya har bakin sama, saniya fara tas, ga tsohuwa ta waiwaya.

"Wannan shi zan sa a ƙofar shiga," ta ce.

Na ce, "Malama, fim naki ne, aiki naki ne. Amma marigayiya ba ta ba mu wannan kallon ba, kuma mai shi bai gani ba tukuna. A bari in kai masa, abin da ya ce shi ke nan."

Ta sa hotunan biyu a ambulan da hannunta, ta yanko asalin fim ɗin na ƙarshen ta haɗa, wanda daga shi ake buga kowane kwafi.

Na hau babur zuwa Tsamiya, na nuna takarduna a iyaka, na yi ta tambaya har na samu rugarsa. Bayan mun gaisa na yi masa ta'aziyya, na miƙa masa na farkon. Ya duba, ya ce, "Awo, ita ce." Sai na ba shi na biyun.

Ya riƙe shi da hannu biyu. Ya daɗe ƙwarai yana dubansa.

"Wa take kallo?"

"Babu kowa a wajen sai kai."

Ya tashi ya shiga cikin shanu, ya juya mini baya. Na zauna ina duban ƙasa har ya dawo. Da ya zauna ya ce, "Na yi hurhura ban san haka take dubana ba."

Na gaya masa buƙatar Malama, ban ƙara ban rage ba. Ya ce na farkon a rataye duk inda ake so, mutane su san an yi ruga a wurin. Na biyun kuwa, ita ta ɓoye abinta tsawon rai, ba shi zai tona ta ba. Na danƙa masa asalin fim ɗin, na nuna masa yadda zai kiyaye shi daga damshi da rana.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a wannan sana'a mutane suna buɗe mana abin da ba su buɗe wa 'yan uwansu ba, wani lokaci ma ba da niyya ba. Danna maɓalli bai sa abin ya zama naka. Kafin ka liƙa hoton mutum a bango ko ka tura shi a waya, je ka tambayi mai shi, ko da sai ka ƙetara iyaka. A duk aikina ban yi hoton da ya kai wancan ba, kuma ba ni da kwafinsa, don haka kada wani ya ce in nuna masa.